Ma'abota Giya da Halayensu

Duk inda masu tsofaffin motocin tsere suka taru a Ingila, ba a daɗe da gaisawa za a shiga musun giyar mota. Tsohuwar ta fi, ko sabuwar? Amsar da mutum ya bayar ita ke tona halinsa.

Akwai ɗan gargajiya, mai Jaguar E-Type ƙirar 1961. Akwatin giyarsa na kamfanin Moss ne, lamba huɗu, kuma lamba ɗaya ba ta da zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin su haɗu. Don haka in zai koma lamba ɗaya mota na tafiya, sai ya taka kuloci, ya sa ta a firi, ya saki, ya ɗan taɓa totur, ya sake takawa, sannan ya tura. In ya kuskure, ƙarar sai ta tayar da jaririn maƙwabta. Shi kuwa zai ce maka muryar motar ke nan, kai ne ba ka da kunne. Tsofaffin direbobin gingimari a ƙasarmu sun yi shekaru suna wannan rawar ƙafa, ba wanda ya taɓa ba su lambar yabo. Jaguar da kanta ta daina sa wa E-Type wannan giya a 1964, ta kawo mai zobe a kowace lamba. Har yau ɗan gargajiya bai yafe mata ba.

Kusa da shi ga mai baki biyu. A bainar jama'a yana yabon kayan asali, amma ƙarƙashin MGB ɗinsa giyar Ford Sierra ce mai lamba biyar, wadda ake kira Type 9. Ya bar tsohon kan sandar giya mai nuna lamba huɗu don kada a gane. A babban titi injinsa shiru, mai ba ya zuƙewa, matarsa na iya jin rediyo. Tsohuwar giyar tana gareji nannaɗe da bargo, wai ajiyar mai saye.

Mutanen Porsche 911 gida biyu ne, shekara ɗaya ta raba su. Mai giyar 915, wadda aka yi amfani da ita daga 1972 zuwa 1986, wa'azin haƙuri yake yi: a lallaɓa ta, a ɗan dakata a tsakiya, kada a tsawata mata. Mai G50 ta kamfanin Getrag, wadda ta zo a 1987, ba ya musu da kowa. Farashin motarsa kawai yake faɗa.

Mai tsohuwar Ferrari da sanyin safiya ba ya taɓa lamba biyu, daga ɗaya sai uku, har man giya ya ɗumama. Da a ce Peugeot ce ta yi masa haka, da tuni makanike ya sha zagi.

Sai yaro mai Nissan 370Z, wadda tun 2009 kwamfuta ke taɓa mata totur idan an rage giya. Kowace kwana ya shiga sumul, ya fito yana duban mutane a yaba wa ƙafarsa.

Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne mai jakar mujallu. Ya haddace adadin haƙoran kowace giya, ya san wadda ta fi wata, yana gyara wa ɗan gargajiya magana. Da aka miƙa masa makulli ya gwada, sai ya ce gwiwarsa ta hagu na ciwo, kuma motarsa mai giyar atomatik tana can bakin ƙofa ta tare wa mutane hanya.