Ɗan Yayata Mai Kwantena Goma Sha Biyu

Ranar sunan jaririyar ƙanwata maganar ta fito. Ɗan yayata, wanda ya gama karatun kwamfuta bara waccan, yana tsaye a bakin zaure yana waya, sai aka ji ya ce da ƙarfi: "Ai kwantena goma sha biyu na tayar jiya da daddare, biyu ne kawai suka faɗi." Wani baffansa da ya shekara talatin a Kantin Kwari, wanda ko kwantena ɗaya bai taɓa saukewa ba sai da haɗin gwiwar mutum huɗu, ya ajiye kofin kununsa a hankali. Kafin la'asar labari ya zaga dangi. Kafin magariba an kawo wa yaron takardar asibiti biyu da neman rancen jari, wata gwaggo kuma ta tuna tana da 'ya mai hankali da ta gama sakandare.

Ni aka wakilta in je in binciko ko a Apapa kayan suke ko a Kwatano.

Na same shi a ɗaki, fitila a kashe, fuskarsa na haskawa kamar mai duba. Allon kwamfutar baƙi ƙirin, koren rubutu na ta gudu a kai kamar tururuwar da aka watsa wa ruwan zafi. Na ce, "To, ina kwantenonin?" Ya buga docker ps, layi goma suka jeru. "Ga su nan, Kawu." Na gyara tabarau na sake dubawa. Ko ƙyallen atamfa babu.

Ashe kwantenar tasu manhaja ce da aka ɗaure ta da duk tarkacen da take bukata, kamar a kai amarya da tukwanenta da murhunta da maburginta, don kada ta je gidan miji ta ce ba ta saba da nasu ba. A 2013 Solomon Hykes ya fito da Docker, manhajar da ake haɗa irin wannan kwantena da ita, sunan kwantena kuwa an aro shi ne daga akwatunan ƙarfen jiragen ruwa da Malcolm McLean ya fara lodi da su a Amurka a 1956, har tambarin Docker ma kifi ne ƙato ɗauke da kwantenoni a gadon baya. An yi abin ne don a kashe tsohon uzurin masu rubuta manhaja, wato "ni dai a kwamfutata yana aiki." Uzurin bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yanzu sai ka ji an ce, "ni dai a kwantenata yana aiki."

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne baƙin allon nan ya zama babbar riga. A cikin samarin, wanda ya taɓa linzamin kwamfuta a gaban jama'a tamkar ya ci tuwo da cokali ne a gidan biki. Aikin da za a gama da danna maɓalli biyu, sai a buɗe baƙin allo a yi ta ƙwanƙwasa, musamman idan akwai mai kallo. Na ga ɗan yayata, da ya ji takun baƙo, ya yi maza ya buga umarnin sabunta manhajojin injinsa, ba don wani abu ya tsufa ba, sai don rubutu ya yi ta zuba a allo a ce yaro na aiki. Baƙon ya tsaya ya yi shiru, ya ce Allah ya ƙara basira, ya fita da sanɗa.

Na tambaye shi ko duk ya haddace waɗannan kalmomi. Ya yi murmushin wanda aka kama. Rabinsu kwafowa yake yi daga intanet ya manna, kamar mai karɓar laƙani a tasha: ba ka san abin da ke ciki ba, an dai ce wani ya gwada ya dace. Idan na'ura ta ƙi, ta ce ba shi da izini, sai ya ƙara kalma ɗaya a gaba, sudo, ya sake turawa. Wannan kalma ita ce "ka san ko ni wane ne?" ta duniyar kwamfuta. Da ita ƙofa ke buɗewa, mai gadi ya sara maka, ko da abin da ka zo yi shi ne rushe gidan. Na'urar kan yi tambaya kafin ta aikata wasu abubuwan, amma yaran sun gano cewa idan suka liƙa -y a ƙarshen umarni, sun amsa "na yarda" tun kafin a tambaye su. Iyayensu ma haka suke sa hannu a takardar banki.

Kada a ce ƙananan yara ne kawai. Ranar 28 ga Fabrairun 2017, wani ma'aikacin Amazon ya zo cire 'yan sabobi kaɗan, wato kwamfutocin da ke riƙe da aikin, daga rumbun ajiyarsu na S3 a arewacin Bajiniya, ya yi kuskure wajen buga umarnin, ya kwashe fiye da yadda ya yi niyya. Shafuka da manhajoji barkatai suka durƙushe na kusan awa huɗu. Abin dariyar, shafin da kamfanin ke sanar da jama'a ko akwai matsala shi ma a kan rumbun ya dogara, don haka ya daɗe yana nuna lafiya lau, kamar mai gadin da aka sace har kujerarsa yana cewa ba abin da ya faru. Wata guda kafin nan, wani injiniyan kamfanin GitLab da dare ya yi masa ya buga umarnin sharewa a kan rumbun bayanai na ainihi, yana zaton na ajiya ne. Kafin ya farga, cikin gigabait kusan 300 saura 4.5. Da aka juya ga hanyoyi biyar da suka tanada don irin wannan rana, sai aka tarar ba wadda za a jingina da ita. Sun dai yi abin a yaba, suka haska aikin gyaran kai tsaye a YouTube, duniya na kallo.

Sai batun aro. Mai rubuta manhaja a yau ba ya saƙa komai daga zare. Umarni ɗaya zai buga, npm install ko pip install, a jawo masa ƙunshin da wani ya rubuta, shi kuma ƙunshin ya gayyato nasa 'yan rakiyar, su ma su zo da nasu, kamar ka gayyaci mutum ɗaya walima ya iso da motar haya cike. A watan Maris na 2016 wani ya fusata kan rigimar suna, ya janye kayansa daga rumbun npm, ciki har da left-pad, layi 11 kacal da ba ya komai sai cike gurbi a hagun rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa. Unguwa guda ashe da turmin gida ɗaya take daka, mai turmin kuma ya yi yaji.

A nan gida aron na da nasa haraji. Ɗan yayata ya fara jawo wata kwantena mai nauyi da datar da ya saya ta wata guda, ana saura ƙiris wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuma ya daɗe da zama ado. Ya zauna cikin duhu yana kallon silin. Ban ce komai ba, don na ga ba lokacin nasiha ba ne.

Gajimaren kuwa, wanda suke faɗa da girmamawa kamar wani wuri ne tsakanin sama da ƙasa, kwamfutar wani ce a wani ƙaton sito, ana ba ka haya da awa, kuma da dala. Yaron ya tayar da saba a wani kamfani don gwajin minti goma, aka kira sallah, daga masallaci ya wuce kallon ƙwallo. Saba ta yi ta aiki ba dare ba rana, ba ta yi wa kowa komai, kamar janareta a gidan da aka yi tafiya. Ƙarshen wata takardar kuɗi ta iso, abin da zai sayi tunkiya da ɗanta. A ranar ce na fara ganinsa ya kama linzami da hannu biyu, yana neman maɓallin kashewa.

Na koma na ba dangi rahoto cewa babu atamfa, babu shinkafa, kwantenar rubutu ce, har ma ana bin yaron bashi. Gwaggo ta ce dama 'yar tata karatu za ta ci gaba. Baffan kuwa ya jawo ni gefe, ya rage murya, ya ce ya gane, kowane ɗan kasuwa haka yake cewa idan kaya ba su fito ba, amma in gaya wa yaron yana da mutum a kwastan.