Jinjina ga Sarki Ci-rani, Mai Raba Gida Biyu

Ranka ya daɗe Ci-rani, toron giwa mai kwashe samarin gari, gagarabadau na ƙasar Abzin, uban marayun da iyayensu ke raye, wanda ya hangi saurayi zaune a Aderbissinat ba aikin fari ba na baƙi, tausayi ya kama shi, ya ƙara masa ƙasa ta biyu! A da sai minista ko hamshaƙin attajiri ke da gida a Yamai da wani a Faransa. Kai ka shimfiɗa adalci. Yau ɗan makiyayi ma gidansa biyu: bukkar tabarmi a Aderbissinat inda uwargida ke shanya cuku, da kangon da ba a gama ginawa ba a Tamanrasat ko Sabha, inda yake kwana yana kallon taurari ba tare da rufi ya tare masa ido ba.

Sarki ba ya sarauta sai da fadawa, naka kuwa zaɓaɓɓu ne. Ga Waziri Fari, wanda a 1973 da 1984 ya sauke wa Buzaye da Fulani nauyin raƙuma da shanu, ya bar su sakayau don tafiya ta yi sauƙi. Ga kuma masu mulki, farar hula da masu kaki, gwanayen hangen nesa, Allah ya ja zamaninsu. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, a cikin jihar Agadas ɗin nan, ya haska biranen Faransa shekara da shekaru, amma saboda ƙaunar talaka ba su yarda an dame shi da hayaniyar masana'anta ba. Abin da ya fi wannan suka ba shi: babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi Kano da Damagaram da Tanut, ta ratsa Aderbissinat ta nufi Aljeriya. Wane gata ya wuce a buɗe wa mutum ƙofar fita a bakin gidansa? A 2011, da gwamnatin Gaddafi ta faɗi 'yan ci-rani suka dawo hannu rabbana, albishir aka tarbe su da shi, cewa garinsu ya zama gunduma. Mai wannan matsayi ina ruwansa da tuwon dare?

Dubi hutun da ka tanadar wa mai gida biyu. An ɗauke masa wahalar zaman suna, labarin haihuwar ɗansa a saƙon murya na WhatsApp yake zuwar masa. An ɗauke masa ɗaukar makarar mahaifinsa, maƙwabta sun wadatar. Matarsa ka yi mata ƙarin girma irin wanda ba kowace sarauniya ke samu ba, ita ce uwa, ita ce uba, ita ce mai jan guga a rijiya, ita ce mai zuwa rance wurin mai kanti kafin aike ya iso, in ya iso. A can ana ce masa baƙo, ya dawo nan 'yarsa ta ɓuya bayan uwarta tana tambayar wane ne wannan baƙon. Tunda an ce baƙonka annabinka, ga bawan Allah da ya sami wannan daraja a ƙasa biyu lokaci guda.

Karamcin masu masauki kuwa ya fi ƙarfin baki. Aljeriya, gidan mutunci, ba ta barin baƙo ya biya kuɗin motar komawa. Har wurin aikinsa ake zuwa a ɗauke shi, a rage masa nauyin waya da ɗan abin da ya tara, a jera shi a manyan motoci zuwa Assamaka, garin kan iyaka a Nijar. Waɗanda ba 'yan Nijar ba a kan sauke su kilomita 15 kafin garin, su miƙe ƙafa cikin rairayi don lafiyar jiki. A 2024 kaɗai mutum fiye da 30,000 suka ci wannan alheri.

A watan Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 kusa da iyakar Aljeriya, akasari mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta tsayar da su tsakanin gida da gida. Hankalin manya ya tashi ƙwarai. Da ƙarfafawar Tarayyar Turai, uwar jin ƙai, aka kafa dokar 2015 mai hana jigilar 'yan ci-rani, aka kama direbobi, aka ƙwace motoci, sauran suka kauce wa rijiyoyi da idon jama'a suka bi ta inda mai mutuwa ba zai tayar wa kowa da hankali ba. A Nuwamban 2023 shugaban mulkin soja Janar Tiani ya soke dokar, motoci suka koma fita Agadas da rana tsaka, masu shinge suna yi musu fatan sauka lafiya da tafin hannu a buɗe. Gwamnatin da ta hana da wadda ta halatta, duka biyun sun yi maka biyayya, ranka ya daɗe, ba wadda ta yi rashin kunyar samar wa ɗan Aderbissinat abin da zai zaunar da shi gida ɗaya.