Masu Shirin Yawon Ƙasa Biyar

Samarin gari sun samo sabon buri: a goya jaka ɗaya a baya, a tashi daga Legas a motar haya, a ratsa Kwatano da Lome da Akra har Abijan. Tafiyar kilomita dubu da 'yan kai ce, ƙasashe 5, boda 4, kuma tun yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ɗan yankin yana iya shiga ya yi kwana 90 ba biza. Wahalar ba a bodar Seme take farawa ba. A teburin mai shayi take farawa, ranar da aka tambayi wa da wa za su.

Malam Jadawali ne ke fara ɗaga hannu. Ya rubuta komai a kwamfuta: tashi 6:00, Seme 8:30, cin abinci a kasuwar Dantokpa ta Kwatano 11:15. Bai sa a lissafi cewa motar haya ba ta san agogo ba, kujera ta sani, sai ta cika take motsi. Abin da ya fi burge shi shi ne gano cewa Togo da Ghana suna bayan Najeriya da Benin da awa ɗaya. Wannan awa da za a tsinta a bodar Hillacondji har ya ware ta don wanki. Layin buga hatimi zai cinye ta, ya nemi ƙari.

Kishiyarsa shi ne Malam Allah-na-nan. Fasfo? Yana wani wuri a ɗaki. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan da ake tambaya a boda? "Haba abokina, kai ka cika tsoro." A gaya masa sai allurar ta kwana 10 katin ke fara aiki, ya ce ai jikinsa ba ya karɓar cuta. Tawakkalinsa kuwa a aljihun abokan tafiya yake kwana.

Sai Sarkin Kaya. An yi da shi cewa jaka ɗaya ce, ta goyo, sai ga shi da Ghana-must-go har biyu. Kilishi, dambun nama, garin kunu, man shanu, buta, darduma, babbar riga ko da za a gamu da ɗaurin aure, da dutsen guga. Dutsen nan mai ƙafa uku ba zai shiga soket ɗin Kwatano da Lome ba, nasu mai rami biyu ne irin na Faransa. Sai an isa Akra zai farfaɗo. Jakar kanta ta samo suna ne daga korar baƙi da gwamnatin Shagari ta yi a 1983, don haka ana roƙonsa, in an zo Aflao, bodar shiga Ghana, kada ya ɗaga murya yana cigiyarta da sunanta. Amma a yi masa adalci: butar da yajin, kowa zai zo aro kafin kwana uku.

Akwai Ɗan Canji, wanda ba ya sayen ko ruwan leda sai ya mayar da kuɗin naira. Hanyar ta zo masa da jarrabawa: naira, sefa, sidi, a sake komawa sefa. Ya haddace cewa an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957, yana faɗa kamar shi ya ɗaure ta. A Ghana zai gamu da gamonsa, domin tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi amma wasu tsofaffi har yau da tsohon lissafi suke ciniki. Mai koko ta ce masa dubu hamsin, tana nufin sidi 5, shi kuwa har ya fara salati.

Mai Faransanci ba ya buƙatar dogon bayani. Uku daga ƙasashen da harshen suke aiki, shi kuma ya iya tambayar nawa ne. Ɗan zemijan, wato ɗan acaɓa, mai rigar ɗorawa ya ba shi amsa, sai ya juyo yana kallonmu.

Wanda ya fi haɗari shi ne Mai Kawu a Kowane Zango. "Ku bar zancen otal. Ina da kawu a unguwar Nima ta Akra." Gaskiya ce a wani ɓangare: tun zamanin fataken goro da ke zuwa Gwanja da Salaga Hausawa suka kafa zango-zango a wannan yanki, kuma baƙo ba ya kwana a waje. Da an bincika, kawun nan maƙwabcin kakansa ne, bai ma taɓa jin sunan yaron ba, amma zai shimfiɗa tabarma, a kawo tuwo. Daga nan tafiya ta ƙare. Yau a gaida sarkin zango, gobe suna, jibi ta'aziyya, a tambaye ku lafiyar mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482 sai dai ku gan ta a kalanda, yadda kuka wuce Ganvie, ƙauyen da ke kan ruwa, don an ce kada a makara gaida wani baffa. Ranar sallama kuma a ɗora muku saƙo: turmin atamfa uku na gwaggo, da ƙullin goro na liman. Wanda ya fito da jaka ɗaya ya koma ɗan aike.

Mai Ina-nan-tafe shi ya fi kowa baki. Shi ya zaɓi hanya, shi ya dage sai an ƙarasa Yamusukuro. Daren tafiya ya bugo waya: "Wallahi Hajiya ce ta yi wani mafarki."

A gefe kuwa ga wata 'yar kasuwa da ke saro atamfa a Lome tun kafin a yaye su, tana jinsu. Suka ce, "Hajiya, a ba mu shawara." Ta ce su riƙe ƙananan kuɗi, kada su miƙa fasfo ga wanda ba shi da kaki, kuma kowa ya zaga kafin mota ta tashi. Malam Jadawali ya gyara biro.

"To Hajiya, ƙarfe nawa ake isa Lome?"

"In an isa, ɗan nan."