Kicin Ɗin Boga da Turmin Hajiya

A bakin Tonawa, sunan unguwarmu Krofrom yana nufin sabon gari. Amma wanda duk ya bar hayaniyar tashar motocin Bolga ya kutsa lungu zai ga sabuntar ta daɗe da yin furfura. Gidaje da yawa a nan na zamanin kuɗin koko da goro ne, shekarun 1940 da 1950: bango mai kauri, rufin kwano mai tsatsa, ɗakuna jere sun kewaye tsakar gida, kowace ƙofa da 'yar barandarta. Namu ma haka yake. Kakana ya gina shi kafin Ghana ta sami 'yanci a 1957, bai kuma ware wani ɗaki ya ce nan ne kicin ba, domin a wancan lokaci tsakar gidan ita ce kicin, ita ce kotu, ita ce gidan rediyo. Shekara biyu ke nan muna fama da gyaransa, kuma a cikin ƙurar siminti na ga mutane iri-iri, waɗanda na tabbata kowane tsohon gida daga Aboabo zuwa Asawase yana da nasa.

Uban tafiyar shi ne Boga. Sunan ya samo asali daga Hamburg ta Jamus, inda 'yan Ghana suka yi ta tururuwa a shekarun 1980, amma yau ko daga Bronx ka aiko da kuɗi, Boga ne kai. Shi ba ya taka gidan. Yana gudanar da aiki ta kiran bidiyo a WhatsApp, sanye da rigar sanyi, mu muna gumi. "Juya wayar in ga lungun can. A'a, wannan bangon a rushe shi." Bangon kuwa shi ke ɗauke da benen. Ya ga wani kicin a gidan abokin aikinsa, mai teburin dutse a tsakiya kamar kabarin sarki, ya rantse sai mahaifiyarsa ta sami irinsa kafin ta bar duniya. Niyyarsa kyakkyawa ce, ba na musu. Sai dai kwantenar da ya aiko ta tashar Tema ta zo da murhun gas da injin markaɗe na wutar Amurka mai ƙarfin 110, alhali tamu 230 ce. Injin ya yi aiki na daƙiƙa uku, ya yi tari, ya cika da imani.

Kusa da shi akwai ƙanin da aka danƙa wa amana. Wannan gwanin ɗaukar hoto ne. Buhun siminti goma zai ɗauka daga gabas ran Litinin, ya ɗauke su daga yamma ran Alhamis, Boga ya ƙirga ashirin. Tun da aka fara aikin ya sake waya, ya sake takalmi, ya fara zuwa ɗaurin aure da babur. In an tambaye shi lissafi sai ya dafa ƙirji: "Yaya, ni za ka tuhuma? To a ba wani." Ba a taɓa ba wani ba, don wanin ma an san shi.

Sai Masta, kafinta. A kansa zan ɗan daɗe, don shi ya koya mini cewa harshe biyu suna iya haɗa baki su cuci mutum. A Ghana akwai katako mai suna odum, mai nauyi, wanda gara ke gaisarwa ta wuce. Da irinsa aka yi ƙyauren kakana, har yau sai ka sa kafaɗa kafin ya buɗe. Akwai kuma wani fari mai laushi da araha, sunansa wawa. Ranar da Masta ya dawo daga kasuwar katako ta Sokoban, na tambaye shi da me zai yi mana durowoyin kicin. Ya dube ni cikin ido ya ce, "Wawa." Na ɗauka amsa ya ba ni. Sai da damina ta zagayo, ƙofofin suka kumbura, gara ta kafa masarauta a ƙarƙashin wurin wanke-wanke, sannan na gane kirana ya yi da sunana. Masta ba ya cewa ba zai iya ba. Nuna masa hoton kicin ɗin Italiya, zai gyaɗa kai ya ce ya yi uku irinsa a Kwadaso. Alƙawarinsa ɗaya ne, gobe, kuma wannan goben tana da 'ya'ya da jikoki. In ka matsa masa sai ya nuna maka kasuwar Krofrom da aka aza tubalinta a 2007 ta shafe shekaru fiye da goma ba a shiga ba, ya ce, "Alhaji, gwamnati ma ta yi haƙuri da nata, bare kai."

Akwai kuma magada, waɗanda ke gyara da ma'aunin rabon gado. Gidan na mutum goma sha huɗu ne, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya, matar marigayi da tumuninta, kuma kowa ya san iyakar barandarsa fiye da yadda ya san karatun sallah. Shi ya sa za ka ga tayil mai sheƙi ya taho tiryan-tiryan, ya tsaya cak a ƙofar wanda ba a ga maciji da shi. Wannan ya shafa fenti shuɗi, na kusa ya rama da ruwan ɗorawa. Rufin da ke yoyo a kan kowa kuwa ba na kowa ba ne.

Ɗan haya ba ya magana. Da ya ga tifa ta juye yashi a ƙofar gida sai cikinsa ya ɗuri ruwa, ya san a aljihunsa za a fanshe. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da kuɗin wata shida gaba ɗaya, amma mai gida na neman na shekara biyu, kuma da wannan kuɗin ne ake sayen tayil ɗin da za a kafa hujja da shi a ƙara masa haya.

Mai ƙyamar tsohon abu shi ne ya fi ba ni haushi, don ɗan ɗakinmu ne kuma ya yi boko. Ya sa aka cire tagogin luba, waɗanda in ka buɗe iska ke ratsa ɗaki daga wannan bango zuwa wancan, aka kawo gilashi mai zamewa wanda rabi kawai yake buɗewa. Ya sauko da silin ƙasa, aka yi masa ado da fitilu kala uku. Ɗakin da tsofaffi suka bar wa tsawo don zafi ya tashi sama ya koma tanda, dole a sa na'urar sanyaya ɗaki. Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta, musamman 2015, ya san ƙarshen labarin: an ɗauke wuta, ga ɗan boko ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida yana fifita da kwali.

Amarya tana son kicin ɗin, amma don TikTok. A nan take yanka albasa ɗaya cikin kwalliya, ta kashe waya ta aika a sayo mata wake da shinkafa a bakin titi.

Amma duk waɗannan 'yan rakiya ne. Mai gari ita ce Hajiya, wadda aka yi aikin dominta ba tare da an tambaye ta ba. Ranar da aka shigar da ita ta gani, ta cire takalmi a bakin ƙofa kamar za ta shiga masallaci. Ta shafa dutsen teburin, ta tambayi kuɗinsa. Hajiya har yau da tsohon kuɗi take lissafi, na kafin a cire sifiri huɗu a 2007, inda sidi ɗari yake miliyan guda, saboda haka da aka faɗa mata sai da ta nemi kujera. Sannan ta fara tambayoyin da babu wanda ya yi wa kansa. A ina za a kafa turmi? Aka ce tayil zai fashe. To tukunyar tuwon zafi ta mutum talatin fa, wa zai riƙe ta a kan wannan murhun mai siraran ƙafafu in ana tuƙi? Tuƙin tuwo sai an zauna a 'yar kujera, an taka ƙarafan da ke riƙe da tukunya, an ja muciya da hannu biyu. Kicin ɗin Boga kuwa na masu girki a tsaye ne, mutum ɗaya, ga bango a gabanka. Daga ciki ba ta ganin wanda ya shigo gida, ba ta jin wace kishiya ce ke habaici, ba ta iya jefa wa jika ludayi in ya tsoma hannu a miya.

"Allah ya yi masa albarka," in ji ta. "A kulle, kada yara su ɓata."

Yanzu a ciki take ajiye kulolinta na biki, da buhun shinkafa, da akwatin zannuwan da take tanadi. Makullin yana ɗaure a gefen zanenta. Girki yana nan inda yake tun 1950 da wani abu, a kan kurfoti da gawayi, gindin bangon da ya yi baƙi.

Da babbar sallar bana Boga ya zo da kansa. Aka kafa duwatsu uku a tsakar gida, aka ɗora babbar tukunya, mata shida suka kewaye ta tun asuba. Da abinci ya nuna sai Hajiya ta sa aka buɗe kicin, aka jera kwanukan a kan teburin dutse, aka goge toka daga gindinsu. Boga ya shigo, ya ɗanɗana miyar, ya lumshe ido.

"Mma, kin ji bambanci ko? Abincin gas daban yake."

"Daban yake, ɗan nan," in ji Hajiya, tana yi wa wata jika ido ta je ta kwashe itacen kafin ya leƙa waje.