Masu Neman Ƙauye da Buroshi

Cikin sabbin ɗabi'un ƴan bokon unguwar Bolori har da fita ƙauye neman abin zanawa. Ranar Asabar sai mutum ya kifa malafa, ya rataya jaka da takardu da buroshi da ɗan akwatin fentin ruwa, ya miƙi hanyar Konduga ko gefen Alau, wai zai kamo "rayuwa ta asali". Asalin kuwa an san shi: bukka, rumbu, jaki, da yarinya ɗauke da tulu. Sai dai mutanen ƙauye ba su sami sanarwa ba. Yana isa zai tarar da rufin kwano, da faifan sola a jingine, da jarkoki ruwan ɗorawa a bakin famfo, yarinyar kuma tana jin waƙa a wayar yayanta. Nan take ransa zai ɓaci. Sai ya nemi inuwar dogon yaro ya gyara musu gari da hannunsa: jarka ta koma tulu, kwano ya koma ciyawa, a kori Keke Napep daga takarda a jawo jaki.

Za a ce mai zane ba ɗan jarida ba ne, yana da ikon zaɓen abin da idonsa ke so. Gaskiya ne. To amma me ya sa zaɓen kullum baya yake komawa? Ba a taɓa jin wanda ya tarar da bukka ya yi wa mai ita alherin rufin kwano ba, ko da a takarda ne, inda ba a biyan kafinta. Cutar ma tsohuwa ce. Bature matafiyi Dixon Denham ya iso Kukawa a 1823, littafinsa na 1826 ya fito da hotunan barade cikin sulke da lifidi, kuma shi aƙalla abin da ya tarar ke nan. Namu kuwa shekara ɗari biyu bayan haka suna neman a tsayar musu da agogo, alhali su kansu in wuta ta ɗauke na awa guda sai unguwa ta ji.

Wasu kuma su ce adana al'ada ake yi kafin ta ɓace. In haka ne, an yi asarar kuɗin mota. Tun rikicin da ya ɓarke a 2009, ƙauyukan da ake nema suka tattaro suka shigo gari, kuma Bolori na cikin unguwannin da suka karɓi baƙi da yawa. Tsohuwar da ta iya saƙa faifai tana bayan katangar mai zanen, ga masu ɗinkin hula a kan tabarma, ga bandar kifi a hanyar Baga, ga ɗan ga-ruwan da ya sayar masa da ruwan da zai jiƙa fentin. Laifinsu guda, sun yi kusa, kuma wanda ya zana maƙwabci dole gobe ya gaishe shi.

A can ƙauyen ma lissafi ba ya tafiya yadda aka tsara. Duk baƙon da ya sauko daga mota da takarda da alƙalami, ma'aikacin ƙungiyar agaji ne har sai an tabbatar da akasin haka. Kafin ya gama haɗa shuɗin sama, layi ya kai gindin bishiya. Ya yi ta bayani cewa zane ne kawai, dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla, yaro. To katin yaushe zai fito?"