Yadda Ake Aika Bidiyon Biki Daga Tozai Ba Tare Da An Ɓata Da Gwaggo Ba

Biki a ƙasar Gobir ba ya ƙarewa ranar da aka kai amarya, sai an sallami waɗanda ba su samu zuwa ba. Su ne kuma masu yawa: kawu da ke sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, yaya da ke Sabo ta Ibadan, ƙane da ke ci-rani a Agadas, gwaggo da ta zauna Jidda tun zuwanta Hajji, da dangin Tsibiri da Maradi waɗanda iyaka ce kawai ta raba su da Sabon Birni. Bakinsu ɗaya: "A turo muna bidiyo." Nauyin kan faɗa kan autan gida mai babbar waya, ko a Tozai yake, ko Turba, ko Gatawa, ko cikin garin Isa. Don shi aka shirya waɗannan shawarwari.

Da farko ya san girman kayan da aka ɗora masa. Minti ɗaya na bidiyo mai kyau, irin wanda wayoyin yanzu ke ɗauka a 1080p, yakan ci wajen mega 100. Awa ɗaya ta tasam ma giga 6 ke nan. Mai ɗaukar biki kuwa ba ya tsayawa a awa ɗaya. Tun daga sa lalle ya kunna, ya bi ɗaurin aure da walima, ya leƙa tukwanen da ke kan murhu, ya ba akuyar da ta ratsa tsakiyar taro nata rabon, sannan ya manta ya sa wayar aljihu tana ci gaba da ɗaukar duhu. Tura wannan duka ta sabis ɗin ƙauye kamar ɗura buhun gero ne ta bakin kwalba.

Saboda haka shawara ta biyu ita ce yanka. Kowace babbar waya tana da wurin datse bidiyo a inda ake ajiye hotuna, ba sai an biya kowa ba. A yanka gunduwa-gunduwa, minti uku zuwa biyar, a ba kowa abin da ya dame shi. Kawu so yake ya ga wanda ya yi waliyyi, ya ji sadakin da aka ambata da addu'ar liman. Abokan ango kalangu suke jira. Gwaggo kuwa ƙidaya za ta yi: wa ya zo, wa bai zo ba, wa ta yi anko, wa ta zauna kusa da uwar amarya. Idan aka yanke wurin da ƙanwarta ta fito, to a shirya karɓar saƙon murya na minti tara.

Ta uku, a san ƙofar da za a bi. Idan aka tura bidiyo a WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi don ya yi sauƙi, fuskoki su dushe, lallen da aka wuni ana zanawa ya koma baƙin tabo. Daga nan ne gwaggo ke bugowa tana tambaya, "Yaro, wannan amaryar ce ko uwar ango?" Maganin shi ne a tura shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu, domin ta nan ba a taɓa kyansa. Tun 2022 WhatsApp ya ɗaga iyakar fayil daga mega 100 zuwa giga 2. Telegram ma yana karɓar giga 2 kyauta. Mai adireshin Gmail yana da giga 15 a Google Drive, inda zai ɗora bidiyon sau ɗaya ya raba wa dangi adireshin bidiyon, maimakon ya tura wa mutum goma ɗaya bayan ɗaya. Sai dai a tuna, yawan datar da aka kashe wajen ɗorawa ita mai saukewa zai kashe. Wanda ya rage bidiyon zuwa 720p kafin ya tura ya tausaya wa aljihu biyu, musamman tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a Janairun 2025 a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Ta huɗu, sabis. Kusan kowane gari yana da wurin da aka sani yana kamawa, ko tudu, ko gindin wata itaciya, ko kusurwar katangar makaranta, kuma ba a rasa samari a wurin hannuwa a sama. Kamfanoni suna sayar da datar dare mai rahusa, lokacin da layi ba cunkoso. Amma a yi amfani da ita a cikin gida. Babu bidiyon da ya kai a fita bayan gari da dare a yankin nan.

Mutanen gabashin Sakkwato sun san darajar sabis fiye da kowa. A Satumbar 2021 gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sa aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, don toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Jama'ar bakin iyaka suka koma neman layukan Nijar don jin muryar 'yan'uwa. Dubban iyalai kuma tashin hankali ya kora su zuwa Gidan Rumji da sauran garuruwan jihar Maradi. Da yawa cikin masu cewa a turo bidiyo ba son ransu ne ya hana su zuwa biki ba, kuma wannan bidiyon ne kaɗai zai nuna musu yadda ƙofar gidansu take a yau.

Ta biyar gajeriya ce: kada a fara turawa sai wayar ta ƙoshi a shagon mai caji. Waya ba ta zaɓar lokacin mutuwa sai turawa ta kai kashi 97.

Ta shida ita ce wadda iyaye suka sani tun zamanin da 'yan ci-rani ke naɗar gaisuwa a kaset su ba direba. Yau memori ya gaji kaset. Mai giga 32 yana ɗaukar kusan awa biyar ta bidiyo mai kyau, kuma bai kai girman farce ba. Masu shagon tura finafinai za su zuba masa bikin gaba ɗaya daga kwamfuta, ko a tura daga waya zuwa waya ta Xender ba tare da data ba. A kula da jabu: akwai memorin da aka rubuta wa 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, sai a zuba abu ya nuna ya shiga, a buɗe a tarar da wayam. Kafin a bar shagon a kunna bidiyo na ƙarshe a kalle shi har ƙarewa. Sannan a naɗe memorin a takarda, a liƙe da salatif, a rubuta suna da lambar waya, a sa a ambulan, don kada ya ɓace cikin ƙullin goro. A ba direban da aka sani a tasha, ko ɗan kasuwa mai zuwa Maradi, ko mai tafiya Umara idan na Jidda ne. A ba wanda dama tafiyar ta kama shi, kada a tashi mutum musamman, kuma a ajiye kwafi a gida. Idan ya isa Legas, kawu ya shirya: maƙwabcinsa Bayarabe zai zauna kallo, kuma taubashin Bagobiri ba zai tashi ba sai ya ƙirga zanen da ke fuskar ango ya ce an rage ɗaya.

Ta bakwai, a tambayi irin wayar mai karɓa. Ƙaramar waya mai tocila ba ta buɗe babban bidiyo, sai an mayar da shi 3GP ko ƙaramin MP4, kuma masu shago sun iya. In da jika mai babbar waya a gidan, a tura masa, a gaya wa gwaggo an tura, don kada ya kalla shi kaɗai ya goge.

Ta ƙarshe ba ta da wasa a ciki. Abin da aka ɗauka a cikin gida wurin mata, kamu da lalle da rawar ƙawaye, sai an nemi yardarsu kafin ya fita, kuma a tura wa mutum kai tsaye, ba cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu ba. Kuɗin liƙi, akwatunan lefe, shanu a turke da sabon babur a ƙofar gida, duk a yanke su daga kowane bidiyon da zai yi yawo. A yankin da jama'a ke kuka da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, bidiyon da ya nuna dukiyar gida da hanyar shigarsa yana iya jawo wa masu gidan masifa. Mai karatu da ke da dangi a ƙasar Gobir, idan bidiyon biki ya iso wayarsa, ya kalla, ya buga ya yi Allah sanya alheri, amma kada ya tura wa kowa sai ya tambayi masu bikin.