Ƙusa 192, Kwana Ɗaya

Wanda ya shekara huɗu yana acaɓa tsakanin Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, babu wani abu mai totur da zai ba shi tsoro. Haka na faɗa wa uwargida ranar da na jawo tsohon babur ɗin ƙanƙara zuwa gidan da muke haya a wajen garin Duluth, jihar Minnesota. Polaris ne, ɗan gida, domin tun shekarun 1950 ake ƙera su a Roseau da ke arewacin jihar. Ba shi da taya ko ɗaya. Gabansa faranti biyu ne dogaye masu sulɓi, bayansa kuma wani faffaɗan bel na roba mai haƙora, shi ke tura shi.

Ta zagaya shi sau biyu ta ce, "Maigida, a Kano ma da akwai kwalta, sau nawa aka kawo min kai da bandeji?"

Na yi kamar ban ji ba.

A kan sabuwar dusar ƙanƙara mai laushi, abin sai wanda ya gani. Amma a watan Fabrairu aka yi ɗumi na kwana biyu, dusar ta narke, sanyi ya dawo ya daskarar da ita, hanyar daji ta koma kamar gilashi. Na ba shi wuta, bel yana ta juyawa a wuri ɗaya, can sai gindin babur ya zagayo gaba, na tsinci kaina ina kallon inda na fito. Wasu yara biyu suka wuce ni suna ɗaga min babban yatsa.

Maƙwabcina, wani dattijo da kakanninsa suka zo daga Finland, ya ce maganin abin ƙusa ce. Akwai irin da ake huda bel a ɗaure ta da noti, akwai kuma mai sauƙi, wadda ake murɗawa kai tsaye cikin haƙoran roba da injin huda. Kanta na wani ƙarfe ne mai taurin tsiya da suke kira kabaid, shi ke cizon ƙanƙara. Ya ce 96 sun ishi ƙaramin inji irin nawa, in auna tsawon haƙoran kafin in saya, kuma in duba ƙasan farantan gaba.

Daga cikin maganganun nan uku, ɗaya kawai na riƙe, ita ma na ninka ta. In dai 96 na aiki, ai 192 sun fi. Na kuma zaɓi mafiya tsawo a shagon, don ban ga dalilin biyan kuɗi ɗaya in karɓi gajera ba.

Asabar guda na ƙarar a gareji, sanyi ya kai digiri 25 ƙasa da sifili. Da safar hannu ba ka iya kama ƙusa, babu safar hannu kuma ba ka iya jin yatsunka. Kafin la'asar bel ya zama bushiya. Ina fitar da shi daga garejin ya zana wa simintin mai gida layuka biyu, kamar an yi masa tsagen gado.

Kai, amma fa ya kama ƙasa! Ina taɓa totur ya zabura, wuyana ya yi baya. Na ce to yau yaran nan za su san ɗan acaɓa ya zo gari. Miƙaƙƙiyar hanya na cinye ta kamar titin Zariya da asuba, har na iso kwanar farko.

Na karya kai hagu. Babur ya ce shi bai san zancen ba. Na ƙara karyawa har ƙarshe, farantan gaba suna kallon hagu sak, mu kuwa muna tafiya miƙe. Ashe abin da dattijon ke nufi ke nan: a ƙasan kowane faranti akwai wata siririyar sanda mai bakin kabaid da ke yanka ƙanƙara don kai ya juya, nawa kuwa sun cinye kamar dasashin tsohuwa. Baya na turawa da haƙora 192, gaba ba shi da ko ɗaya. Na yi salati, na wuce tsakanin bishiyoyi biyu da ban san yadda aka yi suka ba ni hanya ba, na nitse cikin tudun dusar ƙanƙara har ƙirji.

Ina haƙo kaina sai na ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, na ga koren ruwa yana ɗiga kan farar ƙasa. Lagireton irin wannan babur yana ƙarƙashin kujera ne, dab da saman bel, don dusar da bel ke watsowa ta riƙa sanyaya shi. Dogayen ƙusoshina sun yi ta kartar sa har suka fasa.

Dattijon ne ya zo da igiya. Bai ce komai ba, wanda ya fi zagi ciwo. Ya cire ƙaramin bel ɗin inji, ya ɗaure ni a bayan babur ɗinsa, ya ja ni gida kamar akuyar da aka kai kasuwa ba a taya ba. Yaran nan suka sake wuce mu.

Washegari na zauna kwance ƙusoshi, uwargida riƙe da kwanon silba tana ƙirgawa da ƙarfi don maƙwabta su ji. Ta tsaya a 181.

"Baban yara, ina sauran sha ɗaya?"

Na ce suna daji, na bar wa barewa sadaka. Goma dai suna can har yanzu. Ta ƙarshen, a watan Afrilu da ƙanƙara ta narke, mai faci ya zaro ta daga tayar motar uwargida, ya ɗaga ta sama yana tambayar ko mun san inda ta fito.